“Enniyon ne ya yi”: gilashin mazubi a daular Rum

A shekara ta 70 miladiyya sojojin Rum, ƙarƙashin jagorancin Titus, suka ci birnin Ƙudus da yaƙi, suka cinna wa unguwar masu hali wuta. Wani ƙasaitaccen gida da ke bisa tudu, yamma da Haikali, ya rufta a kan duk abin da ke cikinsa, ƙasa ta rufe shi har tsawon shekara 1900. Masanin kufai Nahman Avigad, wanda ya fara tonon wannan unguwa a 1969, shi ne ya buɗe ɗakunan gidan. Daga cikin abubuwan da ya tsamo a toka akwai wata buta ta gilashi wadda zafin gobarar ya lanƙwasa, ta motse kamar ƙwaryar da aka yanke ba ta ƙosa ba. Duk da haka wutar ba ta shafe adon da ke jikinta ba, ba ta kuma shafe wasu kalmomi biyu na Girkanci da ke cikin ɗan allo a tsakiyar adon ba. Ma'anarsu ita ce: “Enniyon ne ya yi.”

Babu ko ɗaya daga cikin marubutan Girka da na Rum da ya ambaci wannan mutum. Sarakuna da sarakunan yaƙi sun sami masu rubuta labarinsu, shi kuwa da hannunsa ya rubuta nasa, a jikin kayan da yake kai wa kasuwa. A yau an ƙidaya kayan gilashi sama da 50 masu ɗauke da sunansa, wasu lafiyayyu, wasu gutsattsari. An tono su a tsibirin Ƙubrus, da ƙasar Girka, da arewacin Italiya, da gaɓar Kurowashiya, da Kerci a bakin Bahar Aswad, har zuwa Sifaniya. Mai karatu zai tambaya yadda aka yi sunan talaka guda, mai sana'ar hannu, ya karaɗe daula haka. Amsar tana cikin wani ɗan kayan aiki na yumɓu wanda bai fi tafin hannu biyu ba, wato mazubi. Shi ne abin da wannan maƙala za ta bi, domin shi ya sa abu mai kyau ya yawaita har ya sauko hannun wanda ba basarake ba, shi ne kuma ya ba mai sana'a damar buga sunansa a kan kowane guda.

Rairayi da kanwa

Kafin mu kai ga mazubi, sai mun san abin da ake hurawa cikinsa. Gilashin Rumawa abu uku ne aka dafa tare: rairayi, da kanwa, da farar ƙasa. Rairayin shi ne mafi yawa, wajen kashi 70 cikin 100. Shi kaɗai ba ya narkewa a irin wutar icen da mutanen da suke iya hurawa, sai an haɗa shi da kanwa, wadda ke sauko da zafin da ake bukata zuwa wajen digiri 1100. Farar ƙasa kuwa ita ke hana gilashin lalacewa idan ya daɗe da ruwa, kuma sau da yawa ba a zuba ta da gangan, tana zuwa ne cikin rairayin bakin teku, daga ɓarɓashin ƙwanson katantanwa. Kanwar da nake magana a kai ƴar'uwar wadda ake haƙowa a Mangari da Dallol Boso ce, wadda muke ba dabbobi, muke kuma jefawa a miya. Ta Rumawa tana fitowa ne galibi daga tafkunan Wadin Natrun, tsakanin Iskandariya da inda birnin Alƙahira yake yanzu. Masagan Bida ma, a ƙasar Nufe, da rairayi da kanwa suke dafa nasu ƙarau kafin kwalaben Turawa su cika kasuwa.

Pliniyus Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 wajen aman wutar dutsen Besubiyo, ya kawo wani labari game da asalin gilashi. Ya ce wasu fataken kanwa ne suka sauka daga jirgi a bakin kogin Belus, kusa da garin Akka, suka nemi duwatsun murhu suka rasa, sai suka girka tukwanensu bisa curin kanwa. Da wuta ta kama, kanwa ta haɗu da rairayi, wani ruwa mai sheƙi ya malalo. Labarin almara ne, domin wutar girki ba ta kai wannan zafi, kuma an san gilashi a ƙasar Iraƙi da Masar tun ƙarnoni masu yawa kafin haka. Amma ya faɗi gaskiya guda: rairayin wannan gaɓa da kanwar Masar su ne tushen sana'ar.

Aikin kuwa kashi biyu ne, kuma wannan rabo ya cancanci a lura da shi. Akwai masu dafa ɗanyen gilashi a manyan tanderu, a Masar da gaɓar Sham, inda ake narka tan da dama a dahuwa guda, a bar shi ya huce, a farfasa shi gunduwa-gunduwa. Akwai kuma masu ƙera kaya, waɗanda ke warwatse ko'ina cikin daula, suna sayen gunduwoyin nan suna sake narka su a ƙananan matoya. An sami wani jirgi da ya nitse kusa da tsibirin Embiez, a kudancin Faransa, ɗauke da ɗanyen gilashi sama da tan 15. Ke nan mai sana'a a Liyon ko Kolon yana iya aiki da rairayin Falasɗinu ba tare da ya taɓa ganin teku ba. Fasassun kaya ma ba a zubar da su: mawaƙi Marsiyal ya yi zancen ƴan talla a birnin Rum da ke karɓar fasasshen gilashi suna ba da tsinken ƙibiritu, kamar dai yadda ake musayar tsofaffin kwalabe a garuruwanmu.

Numfashi ya shiga sana'a

Shekaru kusan 1500 aka yi ana ƙera kayan gilashi ba tare da hurawa ba. A kan mulmula laka da kashin dabba a kan sanda, a naɗe ta da narkakken gilashi, in ya huce a ƙwaƙule lakar. Ko kuma a ɗora faifan gilashi bisa wani abu mai siffar ƙwarya, a sa a wuta har ya saki ya rufe shi, daga baya a goge, a wasa. Aiki ne mai cin lokaci, abin da yake bayarwa kuma ƙananan kwalaben turare ne da akusan manya.

Wajen tsakiyar ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani a yankin Sham da Falasɗinu ya gano cewa narkakken gilashi yana kumbura idan aka hura masa iska. Mafi tsufan shaidar haka ta fito ne daga unguwar nan ta Ƙudus da Avigad ya tona, a cikin sharar wata matoya: ƴan bututun gilashi da aka toshe bakinsu guda aka hura ɗayan. Daga nan aka kai ga bututun ƙarfe, wanda ake ɗebo narkakken gilashi da bakinsa. Abin da a da yake cin yini, yanzu ƴan mintoci sun ishe shi. Ganowar ta kuma zo a kan gaɓa. Rum ta mayar da Sham lardinta a shekara ta 64 kafin miladiyya, ta haɗiye Masar a shekara ta 30, sarki Agustus ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen basasa, Bahar Rum ta zama hanyar fatauci guda daga gabas har yamma. Sitirabon, masanin labarin ƙasa na wannan zamani, ya ba da shaidar cewa a birnin Rum ana iya sayen kofin gilashi da kwabon tagulla guda.

Sai dai gilashin da aka hura a sarari siffa guda ya sani, wato ta ƙwai ko ta gora. Gwani yana iya ja, ya matse, ya faɗaɗa baki, amma ba ya iya fitar da kusurwa, ko ganyen inabi, ko harafi. Masu kuɗi kuwa abin da idonsu ya saba da shi shi ne kofunan azurfa da maƙera suka bubbuga musu ado mai tudu. A nan ne mazubi ya shigo, a zamanin sarki Tiberiyus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37.

Kalmar mazubi na ara daga maƙeranmu, ko da yake a nan ba zubawa ake yi ba, hurawa ake yi. Yana da kyau mu tsaya mu ga bambancin. Maƙerin azurfa na Agadas yana sassaƙa siffar da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe ta da laka, ya narkar da kakin, ya zuba azurfa, sa'an nan dole ya fasa lakar kafin ya fitar da kayansa. Masu zubin tukwanen alminiyum na Maraɗi su ma sukan rushe ƙasar mazubinsu bayan kowace tukunya, su sake dannawa. Mazubin gilashi na Rumawa ba a fasa shi. An yi shi da gasasshen yumɓu, ɓangare biyu, ko uku, ko huɗu, waɗanda ke haɗuwa su rufe, su kuma buɗe. A cikin bangonsa an ƙwarzana adon da ake so. Mai hurawa zai ɗebo gilashi, ya ɗan kumbura shi, ya zura cikin mazubi, yaronsa ya matse ɓangarorin, shi kuwa ya hura da ƙarfi har gilashin ya shiga kowane lungu na ƙwarzanen. A buɗe, a fitar, a yanke baki, a liƙa mariƙi idan ana bukata, a sa a wani ɗaki na matoyar inda zai huce a hankali, domin gilashin da ya huce da gaggawa tsagewa yake yi. Kafin wannan ya huce, an rufe mazubin a kan na biyu.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga masu ginin tukwane. Garin Arezzo na Italiya ya daɗe yana fitar da jajayen akusa na yumɓu da aka danna cikin mazubi, da hatimin mai matoya a gindinsu. Abin da yake sabo shi ne haɗa wannan da numfashi.

Mai sana'a da mai saye

Yawancin masana sun tafi a kan cewa matoyar Enniyon tana Saida, a gaɓar Lubnan ta yau, garin da Pliniyus ya yaba da sana'ar gilashi. Sunansa ma na mutanen yankin ne aka yi masa rigar Girkanci. Ya yi aiki a rabin farko na ƙarni na 1. Da yake an sami kofunansa da yawa a arewacin Italiya, an daɗe ana cewa ƙaura ya yi zuwa can a tsakiyar rayuwarsa. Wasu masanan na baya-bayan nan sun ce ba sai mutum ya ƙaura ba kafin kayansa su yi tafiya, jirgin fatake ya isa. Ni wannan ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini. Wanda ya ga takalmin Zinder a kasuwar Kumasi ba ya cewa badukun ya koma can da zama.

Kayansa kofuna ne masu mariƙi guda ko biyu, da butoci, da wasu ƴan tuluna masu kusurwa shida, da ƙananan akusa. Launinsu shuɗi mai duhu, ko ruwan zuma, ko kore-kore. Adonsu rassan inabi, da ganyen da ke naɗe bango, da saƙar zuma, da dogayen tsage masu kama da na kabewa. Wanda ya duba su da kyau zai ga abu biyu. Na farko, layukansa siriri ne, masu kaifi, ba su dushe ba. Na biyu, duk inda ɓangarorin mazubi suka haɗu sukan bar ɗan tudu a jikin gilashi, kamar ɗinki a riga. Shi Enniyon yakan tsara adonsa yadda ɗinkin zai ɓuya a cikin reshe ko ginshiƙi, sai mai neman sa ne zai gan shi. A nan ne ya fi takwarorinsa da suka sa hannu a kayansu: Aristeyas, wanda ya kira kansa mutumin Ƙubrus, da Yason, da Meges, da Nekayis.

To, mene ne ainihin abin da Enniyon ya “yi”? Tambayar ba ta wasa ba ce. Kofin da aka tono a Italiya mai yiwuwa wani yaron shago ne ya hura shi, ko bawa. Aikin da ke bukatar ido da haƙuri an riga an gama shi tun ranar da aka ƙwarzana mazubi, inda dole a rubuta haruffa a juye domin su fito daidai, a kuma lissafa yadda yumɓu zai motse a wuta. Gwaninta ta tashi daga bakin matoya ta koma teburin mai tsara mazubi. Sunan da ke jikin kofi yana nufin cewa wannan siffa tasa ce, shi ya tsaya mata. Abin da ƴan kasuwar yau ke kira tambarin kaya ke nan, kuma ba a ɓoye shi a gindi ba, an sa shi a tsakiyar ado inda mai sha zai gan shi duk lokacin da ya ɗaga kofi. Waɗansu mutanen Saida da suka yi sana'a a wannan zamani, irin su Artas, sukan danna sunansu da na garinsu a kan mariƙin kofi, gefe guda da Girkanci, gefe guda da Latinanci. Ashe sunan Saida kansa kaya ne da ake saidawa a kasuwar Rum.

A bayan wasu kofunan Enniyon akwai allo na biyu, mai ɗauke da wata jimla da ta fi ta farko ba ni sha'awa: “A tuna da mai saye.” Yason da Meges da Nekayis su ma sun sa irinta. Haruffan na Girkanci ne, amma tunanin na gabas ne. A kan duwatsu da bangon wuraren ibada na Sham da Sinai akwai dubban rubuce-rubuce na Aramiyanci da ke farawa da kalmar da ke nufin “a tuna da wane”, wato a tuna da shi da alheri a gaban abin bauta. Saiwar kalmar ɗaya ce da ta Larabci wadda ta ba mu “zikiri”. Addu'a ce ke nan aka ɗauko daga bangon haikali aka ɗora a kan kofi. Sai dai a bangon haikali akan faɗi sunan wanda ake yi wa addu'ar, a nan kuwa babu suna, domin mai ƙwarzana mazubi bai san wanda zai saya ba, kuma ba mutum guda ba ne. Maƙerin da ke aiki don basarake guda ya san gidan da kayansa za su. Enniyon yana yi wa baƙo addu'a, kowane baƙo, muddin ya biya. Wani zai ce wayon ɗan kasuwa ne. Haka ne, amma duk wanda ya taɓa jin “Allah ya amfana” daga bakin mai shago ya san ciniki da addu'a sun saba zama a tabarma guda.

Mazubi yana da wata illa da mai shi ba ya iya hanawa. Duk wanda ya sayi kofi yana iya danna masa ɗanyen yumɓu ya fitar da sabon mazubi. Masana suna gane irin waɗannan kwaikwayo, domin yumɓu yana motsewa in an gasa, saboda haka kowane sabon zubi yakan fito ƙarami kaɗan, adonsa a dushe. E. Marianne Stern, wadda ta wallafa babban nazari a kan tarin gidan tarihi na Toledo a 1995, ta bi diddigin wasu ƙananan kwalabe ta wannan hanya, uwa da ɗiya da jika.

Zakarun fage da ƴaƴan dabino

Cikin shekaru kaɗan dabarar ta isa yamma, ta kuma sauko daga teburin masu hali zuwa barikin soja. Tsakanin shekara ta 50 da ta 80 aka yi yayin wasu kofuna masu hoton wasanni. Ɗaya daga cikin mafi shahara an tono shi ne a wani kabari a Kolcesta, a Ingila, yana kuma gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A jikinsa akwai kekunan sukuwa huɗu, kowanne da dawaki huɗu, suna zagaya fage, a sama kuma an rubuta sunayen mahayan: Hiyeraks, da Olimpus, da Antilokus, da Kereskes. Ukun farko an yi musu sallama, na huɗu an yi masa barka, wato shi ne ya ci. Wasu kofunan kuma mayaƙan fage suke nunawa, waɗanda ake haɗawa biyu-biyu da takobi don nishaɗin jama'a. Sunayensu na mutanen gaske ne. Sipikulus, alal misali, ɗan gaban goshin sarki Neron ne, wanda ya ba shi gidaje da gonaki, kuma marubuci Suwetoniyus ya ce ranar da mulki ya suɓuce wa Neron, a shekara ta 68, shi ya nema ya zo ya kashe shi, ba a same shi ba. Sojan da ke gadin iyaka a Bindonisa, cikin Suwis ta yau, mai yiwuwa bai taɓa taka birnin Rum ba, amma yana shan ruwan inabinsa da sunan Sipikulus a hannu. Wanda ya ga yadda hotunan ƴan kokowa ke yawo a rumfunan mai shayi bayan gasar takobi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A gabas kuwa ƙananan kwalaben turare da na magani suka yawaita, masu siffar abubuwan da ido ya sani: nonon inabi, da ƙwanson teku, da kan mutum, wani lokaci fuska biyu a haɗe ƙeya da ƙeya, wani lokaci fuskar baƙar fata. Wadda ta fi burge ni ita ce mai siffar busasshen dabino. Tsawonta bai fi yatsa ba, launinta na zuma, fatarta a yamutse. Da a ce an jefa ta cikin buhun dabinon Bilma, sai haƙori ne zai tona asirinta. Sheƙin bakan gizo da ake gani a jikin irin waɗannan kaya a gidajen tarihi ba na asali ba ne, ciwon daɗewa a ƙasa ne, danshi ya ci fatar gilashin ya bar ta ɓawo-ɓawo.

Arha tana da nata sakamako. Marubuci Petroniyus, na zamanin Neron, ya sa wani ɗan taƙama mai sabon kuɗi, ƴantaccen bawa, yana faɗa wa baƙinsa cewa ya fi son kofin gilashi da na tagulla domin ba ya wari, da ma ba ya fashewa da ya fifita shi a kan zinariya, sai dai kuma abu ne mai arha. A ƙarshen ƙarni na 1 masu hali sun juya wa kofunan mazubi baya. Abin da suka koma yayi shi ne gilashi garau marar launi, wanda ake yi wa ado da dutsen wasa, guda-guda, da hannu. Yayin kayan tebur irin na Enniyon bai wuce shekara 70 ba.

Mazubin kuwa bai mutu ba, aikin ƙarfi ya koma. Daga tsakiyar ƙarni na 1 har cikin na 3, kayan gilashi mafi yawa a lardunan yamma su ne kwalabe masu kusurwa huɗu, masu kauri, kore-kore, da gajeren wuya da faffaɗan mariƙi. Ba su da kyan gani, amma suna jeruwa cikin akwati ba tare da ɓata wuri ba, ɗaukarsu kusan ɗaya ce, ba sa riƙe warin abin da aka zuba a baya, mai saye kuma yana ganin abin da ke ciki. Mazubinsu na faifan dutse ne ko na yumɓu, a faifan ƙasa kuma akan ƙwarzana da'irori, ko haruffa, ko suna. A arewacin Faransa ta yau an yi wasu masu siffar ganga, ɗaruruwansu ɗauke da sunan Forontinus, cikakke ko a taƙaice. Suna ya sauka daga tsakiyar ado ya koma ƙarƙashin gindi, inda ɗan kasuwa kaɗai ke dubawa. Kayan gilashin Rumawa sun ratsa har cikin Sahara: an same su a kaburburan Garamantawa a Jarma, cikin Fezzan, a kan hanyar da ke gangarowa Kawar.

Muna da farashi daga shekara ta 301, lokacin da sarki Diyokletiyan ya kafa dokar ƙayyade tsadar kaya. A nauyi ake saida gilashi, da awon Rumawa mai giram 327. Ɗanyen gilashin Iskandariya dinari 24 ne, na Yahudiya mai kore-kore dinari 13. In an ƙera su kofuna da kwanoni marasa ado, na farko 30, na biyu 20. A cikin wannan doka ladan ɗan ƙwadagon gona dinari 25 ne a yini, da abinci. Tun da kofi guda bai kai rabin wannan awo ba, mai karatu yana iya yin lissafin da kansa. Ya kuma lura da tazarar da ke tsakanin ɗanye da ƙerarre, dinari 6 ko 7 kacal: a cikinta mai hurawa zai sayi ice, ya ciyar da yaransa, ya ɗauki asarar abin da ya fashe.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan darasi ba ya bukatar tafiya New York, inda gidan tarihi na Metropolitan ya tara kayan Enniyon wuri guda a ƙarshen 2014, kafin gidan tarihin gilashi na Corning ya karɓi baje kolin a 2015. Ya ɗauko kwalbar lemo, ya sa yaro ya shafa gefenta da yatsa. Zai ji siririn ɗinki daga wuya har gindi, a gindin kuma zai ga haruffa da lambobi masu tudu. Mazubin ya zama na ƙarfe, numfashin mutum ya zama iskar inji tun da Michael Owens ya ƙera na'urar hura kwalabe a Amurka a 1903, amma aikin shi ne dai wanda aka fara a gaɓar Sham.

A birnin Ƙudus kuma, shekara 500 bayan gobarar Titus, mazubi ya sake samun kasuwa. A ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 ana saida wa masu ziyara wasu ƙananan tuluna da butoci masu kusurwa shida, galibi masu launin ƙasa-ƙasa, don su ɗebi mai ko ruwa na tabarruki su kai gida. Wasu suna ɗauke da gicciye bisa matakala, na Kirista ke nan. Wasu suna ɗauke da fitila mai rassa bakwai, na Yahudawa. Girmansu ɗaya, gilashinsu ɗaya, yadda aka gama bakinsu ɗaya, har masana da yawa suka ce daga matoya guda suka fito, mai sana'ar yana sauya mazubi gwargwadon wanda ya tsaya a bakin shagonsa. Babu sunan kowa a jikinsu.